Tambaya da Amsa: Sirrin Abokin Jami'a da Auren Ƙanwata

Tambaya: Assalamu alaikum, Hajiya. Ina roƙon a sakaya sunana. Ni mazaunin Jos ne, kuma ina da amini wanda muka haɗu a Jami'ar Jos tun shekarar farko, muka zauna ɗaki guda har muka kammala. Shi ba ɗan garin nan ba ne, saboda haka lokacin rikicin Janairun 2010, da aka sa dokar hana fita, gidanmu na kawo shi a Unguwar Rogo, mahaifiyata ta riƙe shi kamar ɗan cikinta, kuma tun daga nan ya zama ɗan gida. A shekararmu ta ƙarshe, wani dare bayan mun dawo daga karatu, ya sa na rantse masa, sannan ya gaya mini cewa tun tasowarsa bai taɓa jin sha'awar mace ba, zuciyarsa ga maza take karkata, kuma bai san yadda aka yi ya zama haka ba. Ya yi kuka, ni kuma na yi masa alkawarin ba wanda zai ji daga bakina. Ban taɓa ganin wani abin assha tare da shi ba, kuma ba mu sake tayar da maganar ba. Yanzu yana aiki a Abuja, ya haura shekara 35, iyayensa sun tasa shi gaba da maganar aure, sai ga mahaifiyata da tasa sun ƙulla cewa a ba shi ƙanwata, wadda ta gama karatunta bara. Yarinyar ta amince domin tana ganin girmansa, shi kuma bai ce a'a ba. Mahaifinmu ya ce in faɗi ra'ayina kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, tunda ni na fi kowa saninsa. Idan na yi shiru ina tsoron na cuci ƙanwata, idan na yi magana na karya rantsuwa kuma na jefa shi cikin halaka. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Wasiƙarka ta nuna kana ganin hanya biyu ce kawai a gabanka, ko ka tona ko ka yi gum, alhali akwai mutumin da ya fi kowa cancantar jin maganarka kuma ba ka ce ka je wurinsa ba, wato shi abokin naka. Shekara fiye da 10 kuna gaisawa kuna ziyartar juna, amma maganar da ta fi kowace nauyi a tsakaninku kun binne ta tun daren da aka yi ta, yanzu kuwa da ta taɓa 'yar uwarka ba ta binnuwa. Ka shiga motar Abuja ka same shi, ku zauna ku biyu inda babu kunne na uku. Kada ka rubuta masa ta WhatsApp, kada ka aika saƙon murya, domin abin da aka rubuta ko aka naɗa yana iya faɗawa hannun da ba a nufa ba ko da bayan shekaru, kuma a irin wannan lamari saƙo guda ya isa ya ruguza mutum.

Ban yarda ka tona shi ba, ko ga mahaifiyarka, ko da raɗa a kunne ne. Hukuncin addini a kan aikin luwaɗi sananne ne, kuma ba shi ka tambaye ni ba. Amma ka lura cewa abin da ya gaya maka abin da ke cikin zuciyarsa ne, kai da bakinka ka shaida ba ka taɓa ganin ya aikata komai ba, kuma malamai sun bambanta tsakanin abin da zuciya ke saƙawa da abin da gaɓɓai suka aikata, bisa hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ko furta shi ba. Kukan da ya kawo maka a daren nan neman mafita ne, ba alfahari da saɓo ba. Sannan duk wanda ya yi karatun zaure ya san cewa a cikin Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, an faɗa ƙarara cewa wanda ya kira wani ɗan luwaɗi ana yi masa haddin ƙazafi, wato bulala 80. Matsalar ita ce magana ba ta tsayawa yadda aka faɗe ta. Kai za ka ce wa Hajiyarku "ya taɓa gaya mini yana jin kaza a zuciyarsa", ita za ta gaya wa ƙanwarta domin ta sami sauƙin abin da ya tokare mata ƙirji, kafin ta kai baki na huɗu ta zama "an kama shi". Kai ɗan Jos ne, wanda ya ga rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, ba sai an koya maka yadda jita-jita ke zama jini ba.

Ka kuma san irin ƙasar da za ka saki wannan magana a cikinta. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu ƙulla irin wannan aure da shekara 10 ga wanda ya taimaka ko ya shiga ƙungiyoyinsu, kuma tun kafin nan dokokin laifuffuka na Arewa sun riga sun tanadi ɗauri mai tsawo a kan aikin kansa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan dokoki da ta hukunta abin da ke cikin zuciya, sai dai 'yan ɗaukar doka a hannu ba sa karanta doka. Wata guda bayan sa hannun, a Fabrairun 2014, wani gungu ɗauke da sanduna ya bi gida-gida cikin dare a unguwar Gishiri da ke Abuja, aka fito da samari fiye da 10 aka lakaɗa musu duka a kan zargi kawai. Ban da wannan, akwai masu cin abinci da irin wannan sirri, waɗanda da zarar sun ji shi sai su riƙa tatsar mutum kuɗi da barazanar aika wa iyayensa ko wurin aikinsa. Akwai kuma iyayen da ruɗewa kan sa su kai ɗansu gidajen da ake kira na gyaran tarbiyya, kuma ba mu manta da abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019 ba, inda aka fito da maza da yara fiye da 300, da yawa da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Mutumin da ya ci tuwon mahaifiyarka a lokacin dokar hana fita bai cancanci ka tura shi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

To, amma rufa masa asiri daban, miƙa masa ƙanwarka daban, kuma a nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani sosai, domin a duk wannan labari ita ba ta san komai ba, kuma ita ce za ta biya. Irin wannan aure yana da kama da aka sani. Ango mai kirki ne, ba ya zagi ba ya duka, cefane ba ya yankewa, dangi suna ta yi wa amarya barka da dace. Amma kullum aiki ya riƙe shi a ofis, in ya dawo ya gaji, in ta yi kwalliya ya ce ta yi kyau ya juya ga wayarsa. Ita kuwa ba za ta taɓa kawo ainihin dalilin a ranta ba, kanta za ta zarga. Za ta canza turaren wuta, ta kashe kuɗinta a kan kayan mata, ta tambayi ƙawaye a kaikaice, ta fara zargin akwai wata a waje, daga nan a shiga bin malamai ana neman karya sihirin da ba a yi ba. Bayan shekara surukai su fara ƙirga watanni suna kallon cikinta, kuma kunya ba za ta bar ta ta gaya wa ko mahaifiyarta abin da ke faruwa a ɗakinta ba. In an yi sa'a a rabu tana da ƙuruciya, ta dawo gida da sunan bazawarar da ta kasa riƙe miji nagari. In ba a yi sa'a ba ta tsufa a haka.

Mutanenmu suna da imanin cewa aure magani ne, cewa in an ɗaura komai zai daidaita. Aure yana maganin abubuwa da dama, amma ba ya dasa sha'awar da babu ita. Tun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire karkata ga jinsi ɗaya daga jerin cututtuka. Wannan bai taɓa hukuncin addini ba, amma yana nufin babu wata ƙwaya ko allura da asibiti ke bayarwa don juya shi, kuma duk wanda ya ce yana sayar da irin wannan magani kuɗin jama'a yake ci. Ballantana a mai da yarinya 'yar shekara ashirin da 'yan kai abin gwaji ba da saninta ba. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya ma ba su ce aure wajibi ne a kan kowa ba. Sun ce yana hawa hukunce-hukunce biyar gwargwadon halin mutum, kuma yana iya zama haramun ga wanda ba ya tsoron faɗawa zina kuma ya san zai cutar da matar ta hanyar kasa ba ta haƙƙinta na shimfiɗa ko na ciyarwa. Gwajin jinin da ake yi kafin ɗaurin aure yana nuna sikila da ƙanjamau da ciwon hanta, amma wannan ba ya fitowa a takardar asibiti, saboda haka kai kaɗai ne katangar da ke tsakanin ƙanwarka da wannan rayuwa.

Idan ka same shi, kada ka fara da tuhuma. Ka ce masa, "Abokina, maganar da ka gaya mini a makaranta tana nan inda ka ajiye ta, kuma za ta bi ni kabari. Amma yanzu ƙanwata ake magana, ina so ka gaya mini tsakaninka da Allah inda kake a yau." Sannan ka yi shiru ka saurara, domin mai yiwuwa ne abin da saurayi ɗan shekara 22 ya fahimta game da kansa ba shi ne abin da mutum ɗan 35 ya fahimta ba, kuma akwai mutanen da ke jin sha'awar ɓangarorin biyu, akwai waɗanda ba sa jin ta kowa. Shi kaɗai ya san gaskiyar. Abin da ba za ka karɓa ba shi ne "zan yi ƙoƙari", ko "in sha Allahu in an yi auren zan saba", ko "ka san yadda iyayena suka matsa mini". Matsin iyayensa gaskiya ne kuma abin tausayi ne, amma ba ƙanwarka ce ta jawo shi ba. Idan amsarsa ta nuna yana nan yadda yake, ka nemi ya janye da kansa, da uzurinsa, cikin mutunci, ba tare da ya ɗora wa yarinyar wani aibu ba, kuma ka sa masa lokaci kafin ranar da za a kawo kuɗin gaisuwa, domin janyewa kafin a karɓi kuɗi ƙaramin ɓacin rai ne, janyewa bayan an sa rana kuwa rigimar dangi biyu ce.

Ina kyautata zaton zai janye, wataƙila ma da ajiyar zuciya, domin rashin cewa a'a da ya yi ya fi kama da na wanda ya rasa mafita fiye da na mai mugun nufi. Idan kuwa ya ƙi, to mahaifinka ya nemi shawararka, kuma hadisi ya ce wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi. Lokacin da Faɗima bint Ƙais ta gaya wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cewa Mu'awiya da Abu Jahm suna neman aurenta, bai yi shiru ba. Ya ce na farko ba shi da dukiya, na biyu ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, wato mai dukan mata ne, ya ba ta shawarar ta auri Usama bin Zaid. Daga wannan ne malamai suka halatta faɗin aibun mai neman aure, amma Imamu Nawawi ya ƙayyade cewa idan cewa "bai dace da ku ba" ta wadatar, bai halatta a ƙara komai a kai ba. Wannan ita ce iyakarka. Ka ce wa mahaifinka, "Baba, ni na fi kowa saninsa, mutumin kirki ne kuma abokina ne har gobe, amma ban ba da shawarar a ba shi ita ba, kuma ina roƙon a yafe mini faɗin dalili." Za a matsa maka, Hajiyarku za ta yi fushi, wataƙila ƙanwarka ta yi wata da watanni ba ta sake maka fuska ba, wasu su ce hassada ce ko kun yi faɗa a kan kuɗi. Ka haɗiye duk wannan. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Rantsuwarka kuma ba ta karye ba, tunda abin da ka rantse a kai shi ne ba za ka faɗi sirrin ba, ba ka rantse za ka aurar masa da 'yar uwarka ba.

Akwai sauran abu guda da ya rage a wuyanka, wanda ba ka tambaya ba. Mutumin nan ya zaɓe ka cikin dukan ɗaliban jami'a ya gaya maka abin da bai gaya wa uwar da ta haife shi ba, kai kuma, cikin kyakkyawar niyya, ka rufe maganar ka bar shi da ita shi kaɗai tsawon shekarun nan. Bayan an warware batun auren kada ka janye jiki, domin zai ɗauka ƙyamarsa kake yi, kuma kaɗaici da jin an ƙi mutum su ne ke kai irinsa ga ciwon damuwa, wani lokaci har ga tunanin halaka kai. Idan ka ga alamar haka, ka raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa domin a magance damuwar, kuma aikin likita ya ɗora masa rufe sirrin wanda ya zo gare shi. Ka kuma taimaka masa ya sami abin da zai gaya wa iyayensa wanda ba ƙarya ba ne kuma ba tonon asiri ba, domin in ya kuɓuta daga ƙanwarka gobe za a kawo masa ƙanwar wani. Zama ba aure ba haramun ba ne ga wanda ya kame kansa. Imamu Nawawi da Ibn Taimiyya da Ɗabari duk sun koma ga Allah ba su yi aure ba, ko da yake dalilansu daban ne, kuma ba wanda ya ce addininsu ya tauye.

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Ni da ƙawata mun haɗu a Jami'ar Abuja, a Gwagwalada, kuma bayan hidimar ƙasa muka sami aiki muka kama gida tare a Kubwa saboda tsadar haya. Dukanmu mun kai shekara 31 ba mu yi aure ba. Kwanan nan na ji ana yaɗawa a unguwa cewa maɗigo muke yi, har wani da ya fara nemana ya ɗauke ƙafa, yayana kuma ya kira ni ya ce in raba gida da ita. Allah ya sani babu komai tsakaninmu sai ƙawance. In rabu da ita ne domin in tsira da mutuncina?

Amsa: 'Yata, abin da ya fi ba ni takaici a wasiƙarki shi ne yadda zargi ya fara cin abin da al'adarmu ta daɗe tana girmamawa. Ƙawance a wurin Hausawa ba ƙaramin abu ba ne. Iyayenmu mata suna da aminai waɗanda suke yi wa juna biki, a ninka abin da aka kawo in bikin ɗaya ya zo, babbar ƙawa ta kwana da amarya ta raka ta ɗakin miji, kuma zumuncin ya gangara har kan 'ya'ya da jikoki. Maza ma sukan riƙe hannun juna a titi suna tafe suna hira ba wanda ya ɗaga ido. Yanzu da maganar neman jinsi ta cika wayoyi da majalisu, an wayi gari mata biyu ba za su haɗa kuɗin haya ba sai an sa musu ido, a gari kamar Abuja inda mai gida ke neman kuɗin shekara guda a dunƙule, wani ma biyu, ga na dillali ga na lauya, kuma albashin mai fara aiki ba ya ɗaukar wannan shi kaɗai. Da kin kama ɗaki ke kaɗai, su waɗannan bakunan ne dai za su ce zaman kanki kike yi.

Ban ba ki shawarar ki tashi ba, aƙalla ba yanzu ba kuma ba saboda wannan ba. Tashi a tsakiyar jita-jita tamkar sa hannu ne a kanta, kuma za ki bar ƙawarki ita kaɗai da tabon da aka shafa muku ku biyu. Wani mai bincike a Jami'ar Kansas ta Amurka, Jeffrey Hall, ya ƙiyasta cewa sai mutane sun shafe sama da awa 200 tare kafin su zama aminai na ƙut-da-ƙut. A jami'a ana tara waɗannan awoyi ba a sani ba, a layin ɗiban ruwa, a ɗakin karatu cikin dare, a watannin yajin aikin malamai; bayan an fara aiki kuwa, da cunkoson hanyar Kubwa safe da yamma, samun irinsu sai an yi da gaske. Abin da kike da shi ba ya sayuwa a kasuwa, kuma ba a zubar da shi don wata maƙwabciya ta rasa abin yi.

Yayanki ne ya kamata ki ba lokaci, domin tsoro ne ya sa shi magana, ba ƙiyayya ba. Ki je ki same shi da kanki, ki ce, "Yaya, ka san tarbiyyar da aka yi mini, kuma ka san yarinyar nan tun muna makaranta, in na tashi yau, me zan ce wa iyayenta da suka ba ni amanarta kamar yadda kuka ba ta tawa?" Ki gayyace shi da matarsa su riƙa zuwa, ƙannenku su zo hutu, iyayenta su san naki, domin gidan da dangi ke shiga da fita jita-jita ba ta daɗewa a ƙofarsa. Kada ki bi gida-gida kina rantsuwa, wannan ƙara wa maganar ƙarfi ne. Idan an gano bakin da ta fito, a tura dattijo guda, limamin masallacin unguwa ko mai unguwa, ya tuna wa mai ita aya ta 12 a Suratul Hujurat, wadda ta haɗa mummunan zato da bin diddigi da giba ta hana su a wuri guda, ya kuma sanar da ita cewa ɓata suna laifi ne da ake kai ƙara a kansa a kotunan Abuja. Yawancin masu irin wannan magana ƙarfinsu a bayan ido yake. Shi kuwa manemin da ya ji magana a titi ya ɗauke ƙafa ba tare da ya tambaye ki ko ya aiko a bincika ba, ya nuna miki tun da wuri yadda zai yi ranar da wani ya kawo masa gulmarki kina ɗakinsa. Ki kuma zauna da ƙawar taki ku yi maganar a fili, domin mai yiwuwa ita ma ta ji tana ɓoye miki don kada ranki ya ɓaci.

Tambaya: Hajiya, ni matar aure ce a Bukuru, da 'ya'ya uku. An sa ni a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu na jami'a, sai ga wanda muka yi soyayya da shi a makaranta, wanda iyayena suka ƙi saboda ba shi da aiki a lokacin. Ya fara yi mini magana ta gefe, gaisuwa ce kawai da tuna baya, amma nakan goge saƙonnin kafin maigidana ya dawo. Ban yi niyyar komai ba. Akwai laifi?

Amsa: 'Yata, hannunki ya riga bakinki ba da amsa, domin ba a goge gaisuwa. Ban ce kin yi niyyar saɓo ba, kuma na yarda ba ki yi ba, amma ina so ki gane abin da ke jan ki. Ba mutumin nan kike kewa ba, domin ba ki san shi ba yanzu. Wanda kika sani saurayi ne mai riga biyu da dogon buri, wanda bai taɓa ganinki da zazzaɓin goyo ba kuma ba ku taɓa yin gardama a kan kuɗin makarantar yara ba. Abin da kike kewa shi ne ke kanki a wancan lokaci, kafin ki zama maman wane, kuma shi ya zo yana kiranki da sunan da aka daina kiranki da shi. Maigidanki ba zai iya gasa da wannan ba, ba don ya gaza ba, sai don shi yana cikin wahalar yau tare da ke, wancan kuwa hira kawai yake kawowa.

Ba sai kin fita daga zauren ba, tunda ta nan ake jin haihuwa da rasuwa da neman taimakon 'yan aji, kuma fita ba zato za ta jawo tambayoyi. Ki rubuta masa saƙo guda, gajere, ba tare da dogon bayani ko ban haƙuri ba, cewa kin gode da gaisuwa, amma ke matar aure ce kuma daga yau duk abin da zai faɗa ya faɗe shi a cikin zaure inda kowa ke gani. Idan ya mutunta wannan, shi ke nan. Idan ya dawo da "ashe har yanzu ba ki yarda da ni ba" ko ya fara ba ki labarin matsalarsa da matarsa, ki toshe lambarsa a ranar, kuma wannan saƙon na ƙarshe kada ki goge shi.